Ina Ake Rubuta Yaro? Nazarin Shafin Intanet na Wani Kulob ɗin Ƙwallo a Maraɗi

Kulob ɗin da wannan nazari ya shafa na ƙwallon ƙafa ne, na yara da samari, a cikin birnin Maraɗi. Ba zan ambaci sunansa ba, domin abin da ya same shi ba shi kaɗai ya sama ba, kuma mutanen da ke ɗawainiya da shi don Allah suke yi, ba su cancanci a nuna su da yatsa ba. Rukuninsa uku ne: ƴan ƙasa da shekara 13, ƴan ƙasa da 15, da ƴan ƙasa da 17. Shugabansa ɗan kasuwa ne, daga aljihunsa kuɗin ƙwallaye da riguna ke fita. Sakatare malamin makaranta ne. Akwai ma'aji, akwai masu horarwa biyu da suka buga ƙwallo a zamaninsu. Ni ina cikin kwamitin iyaye, ta nan na ga abin da zan bayyana.

Matsalar ba ta da tsawo. Kulob ya buɗe shafin intanet, aka zuba masa duk abin da uba ko uwa ke bukatar sani, amma mutane na shiga su fito hannu rabbana. Tambayoyin da suke shiga da su huɗu ne, ba sa canzawa: yaushe ake gwajin sababbin yara, a wane fili, me za a kawo, nawa za a biya. Amsoshin duk suna cikin shafin, ba a ɓoye ko ɗaya ba. To me ya hana a gan su?

Yadda shafin ya samu

Maraɗi garin kokawa ne tun kafin ƙwallo. Ɗan jihar ne, Yakuba Ango Kantu, ya ɗauki takobin ƙasa na farko a 1975, kuma sunansa aka sa wa filin kokawar garin. Amma ƙwallo ma ta sami gindin zama. Akwai tsofaffin ƙungiyoyi irin su Jangorzo da Ɗan Kasawa, kuma a Fabrairun 2019, da Nijar ta karɓi baƙuncin gasar Afirka ta ƴan ƙasa da shekara 20, a Yamai da Maraɗi aka buga wasannin, Mali ta tafi da kofi. Kafin nan, a 2017, ƴan ƙasa da 17 na Nijar sun je gasar duniya a Indiya. Ƙannen yaran da suka ga waɗannan wasanni su ne ke cika filayen Zariya da Ali Ɗan Tsoho da Bagalam yanzu, kuma iyayen da a da suke ɗaukar ƙwallo shiririta sun fara tambayar inda ake koyar da ita da tsari, a ƙarƙashin babba mai sa ido.

Sai dai shafin bai samo asali daga tambayar iyaye ba. Shugaba ne ya rubuta takardun neman tallafi, aka riƙa tambayarsa ko kulob na da adireshi a intanet. Akwai shafin Facebook, amma wani ɗan wasa ne ya buɗe shi da lambar wayarsa, ya tafi ci-rani, ya tafi da makullin. Sai aka sami ƙanen ɗaya daga cikin masu horarwa, ɗalibi a Jami'ar Ɗan Dikko Ɗan Kulodo, ya ce zai yi. Ya yi shi da WordPress, manhajar gina shafukan intanet, a kwamfutarsa, bai karɓi ko dala ba, in ban da kuɗin adireshi da na wurin ajiya da ake biya shekara-shekara. Aikin ya yi kyau, dole a faɗa. A babban allo, da intanet mai ƙarfi, launin rigar kulob ya fito, hotuna na wucewa ɗaya bayan ɗaya, tambari a sama. Da aka nuna wa kwamiti, kowa ya sa masa albarka.

Kanun shafin bakwai ne, duk da Faransanci: Accueil (shafin farko), Le Club (kulob), Équipes (rukunai), Actualités (labarai), Galerie (hotuna), Documents (takardu), Contact (tuntuɓa). Ɗalibin ba da ka ya ƙirƙiro tsarin ba. Takardun kulob aka miƙa masa, wato dokokin kafa ƙungiya da dokokin cikin gida da jerin ƴan kwamiti, ya bi su ya rarraba. Saboda haka kowane abu ya zauna inda sakatare zai ajiye shi in fayil yake shiryawa. Ranar gwaji labari ce, ta tafi Actualités. Takardar cikewa ta tafi Documents, ta zo ta uku bayan dokoki biyu masu tsawo. Kuɗin rajista yana cikin dokokin cikin gida, a wata aya can tsakiya. Adireshin da ke Contact kuwa na mazaunin kulob ne a hukumance, wato kantin shugaba. Sunan filin atisaye sai a ƙarƙashin wani hoto a Galerie. Tambaya ɗaya ce a ran uba, ina ake rubuta yaro, amma an yanka amsarta gida huɗu, an kai kowane yanki wuri dabam.

Kawu da ɗan ƙanwarsa

Lamarin da ya sa kwamiti ya zauna ya faru ne a watan Oktoba, bayan komawa makaranta, lokacin da kulob ke ɗaukar sababbin yara. Wani mai sayar da aya a babbar kasuwa yana da ƙanwa a Tibiri, mijinta ya rasu ya bar ta da yara. Babban cikinsu shekararsa 12, ba ya rabuwa da ƙwallo. Ita ta ga saƙon gwajin kulob a wani zauren WhatsApp na matan unguwa, ta tura wa yayanta, ta bi shi da murya: "Yaya, don Allah duba mini wannan. In gaskiya ne ka kai shi, ko hankalinsa ya tsaya wuri guda."

Mutumin ya yi boko har ajin ƙarshe na firamare, yana iya karanta Faransanci in ba a tsawaita ba. Ya sayi mega na dala arba'in, ya zauna a kan buhu, ya taɓa shuɗin rubutun da ke cikin saƙon. Abu na farko da ya kamata a lura da shi: bai sauka a shafin farko ba. Rubutun ya kai shi kai tsaye cikin wani labari, kamar baƙon da aka dira da shi tsakar gida bai biyo ta zaure ba, bai san ina ƙofa take ba. Labarin ya ce za a gwada yara "Asabar mai zuwa" da ƙarfe takwas na safe, a zo da takardun da aka saba. A samansa akwai rana da wata, babu shekara. Labarin na bara ne. Ya shekara yana yawo daga zaure zuwa zaure, da Oktoba ta zagayo kuma ya yi daidai da lokaci, har babu mai zargin komai.

Takardun da aka saba, waɗanne? Ya duba sama, bai ga kanun nan bakwai ba. A waya ba sa fitowa a jere, naɗewa suke yi su koma ƴan layuka uku a kusurwa, sai an taɓa su suke buɗewa. Wanda ya saba ya san haka. Shi bai sani ba, kuma babu rubutu kusa da su da zai ce masa nan ne hanya. Ya taɓa tambarin kulob, ya kai shi shafin farko, hotuna suka fara saukowa. An ɗora su yadda aka ɗauke su, ba a rage nauyinsu ba, alhali hoton wayar zamani ɗaya kan kai mega uku zuwa biyar, in an rage shi don shafi kuwa bai kai kashi ɗaya cikin goma na haka ba. Da rezon cikin kasuwa, a ƙarƙashin rumfunan kwano, allon ya daɗe fari, sannan rabin fuskar shugaba ta fito, a ƙarƙashinta jawabin maraba mai tsawo.

Ɗan maƙwabcin rumfarsa, ɗan sakandare, ya karɓi wayar ya nuna masa layukan uku. Suka shiga Contact, yaron ya karanta masa adireshi. Suka shiga Documents, suka taɓa takarda ta farko. Dokokin kafa ƙungiya ne, shafi da yawa, an ɗauki hotonsu an haɗa PDF. Kafin ta gama sauka, saƙo ya shigo cewa mega ya ƙare.

Bai sake saye ba. A ganinsa ya sami abin da ya fi muhimmanci: Asabar, ƙarfe takwas, ga adireshi. Ranar Juma'a da yamma aka sa yaron a mota daga Tibiri, takalmansa a leda, ya kwana gidan kawu. Da sassafe suka hau kabu-kabu zuwa adireshin, suka tarar da kantin kayan gini, yaron kanti na share ƙofa. Ya ce shi dai ya san Alhaji na da ƴan ƙwallo, ya kwatanta musu fili. Suka sake hawa wani kabu-kabun. Fili ba kowa, sai awaki da mai gadin makarantar da ke gefe, shi ya ba su lambar sakatare, wanda ake ce wa Mushe, wato malamin boko. Kawu ya kira shi.

"Mushe, ga mu a fili, ba mu ga kowa ba."

"Alhaji, gwaji ai sai nan da mako biyu. Wa ya ce muku yau?"

"Shafinku."

"Wane wuri a shafin? Sabon labarin yana nan, shi ne a sama."

"Ni dai inda aka turo mini na taɓa, Mushe. In yana nan, ban gan shi ba, kuma da idona na duba."

Yaron bai ce komai ba, ya ƙanƙame ledarsa. Sai a hanya ya tambayi kawunsa ko an riga an ɗauki waɗanda za a ɗauka ne ake ɓoye musu. Wannan tambaya ita ta fi damuna a duk lamarin. Kuɗin mota da rabin yinin kasuwa ana mayar da su. Amma maraya ya koma gida da tunanin akwai hanyar da ƴaƴan wasu suka sani shi bai sani ba, kuma kulob ɗin da aka kafa don irinsa ne ya jawo, ko da ba da niyya ba. Bayan mako biyu kawun ya sake kawo shi, aka gwada shi tare da sauran, amma tsakanin nan da can sai da uwarsa ta yi ta lallashi kafin ya yarda ya dawo.

Zaman gwada shafin

Sakatare ya kawo maganar gaban kwamiti. Ra'ayin farko da ya fito shi ne mutane ba sa karatu, gaggawa gare su. Ma'aji ya ce matambayi ba ya ɓata, da ya kira tun farko. Babban mai horarwa ya ce a kira wa, tunda babu lamba a shafin? Aka duba, gaskiyarsa. Contact na da adireshin kanti da wurin rubuta saƙo mai neman imel, kuma saƙonnin na tafiya wani akwatin da ba wanda ya buɗe tun ranar da aka yi shi. Da aka buɗe, aka tarar da tambayoyin mutane na watanni, har da wani ɗan garin da ke zaune a Kano yana son aiko da ƙwallaye.

Maimakon a ci gaba da musu, aka ce gani ya kori ji. Wata Lahadi bayan la'asar aka tara ƴan mutane a wani aji: iyaye mata biyu, wani tela, mai kabu-kabu, wani dattijo tsohon ma'aikaci, da manyan yaran kulob. Kowa da wayarsa, kulob ya sa musu mega. Aka ba kowa aiki ɗaya: wannan ya nemo ranar gwaji, wannan kuɗin, wannan filin, yara kuma wasan mako mai zuwa. Ɗalibin da ya yi shafin aka gindaya masa sharaɗi: ya zauna a baya, kada ya taɓa wayar kowa, kada ya ce uffan. Ya cika sharaɗin, yana rubutu a littafinsa, kuma ya fi kowa amfana da zaman.

Dattijon shi kaɗai ya sami komai, domin Faransancinsa mai kyau ne kuma bi ya yi ɗaya bayan ɗaya yana karantawa. Da ya gama ya cire gilashi ya ce wa ɗalibin: "Ɗana, ba ka bar komai ba, amma sai mai ritaya irina zai sami lokacin nemansa."

Ɗaya daga cikin matan ba ta karanta boko. Ta riƙe wayar tana jan shafin sama da ƙasa, ba rubutu take dubawa ba, alamar nan mai kusurwa uku take nema wadda ake taɓawa murya ta fito. Da ba ta gani ba ta ɗago ta ce: "Mushe, ina wurin da ake saurare?" Wannan mata tana sayar da ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta waya, tana karɓar oda, tana aika kuɗi, duk da murya da lambobi. Ba a rasa ta da iya waya ba, shafin ne bai yi da ita ba. Ta biyun tana karanta Hausa, kuma ɗanta ya taɓa nuna mata yadda Chrome ke juya shafi zuwa Hausa, abin da ya yiwu tun da Google ya sa Hausa cikin harsunan fassararsa a 2013. Labarai sun juyu, ta gane ranar. Da ta isa takardun sai abin ya tsaya cak, domin hotunan takarda ne, ba rubutun da waya ke iya juyawa a cikin shafi ba.

Telan yana ɓacewa sai ya taɓa alamar komawa baya, ya yi ta taɓawa har ta fitar da shi zuwa WhatsApp, ya sake farawa daga inda aka turo masa. Yaran kuwa Galerie suka nufa neman fuskokinsu, sannan suka tuna da aikin. Sun sami jadawalin wasanni, amma ya fi allon waya faɗi: sunayen ƙungiyoyi na fitowa, lokaci da fili sun ɓuya a dama, sai an ja da yatsa, kuma babu abin da ke nuna akwai saura.

Mai kabu-kabu ne ya tono abin da ya tayar da hankalin kowa. Shi bai taɓa abin da aka turo masa ba, sunan kulob ya rubuta a Facebook kamar yadda ya saba neman komai. Shafuka biyu suka fito: tsohon da aka rasa makullinsa, da wani sabo mai tambarin kulob da hotunan da aka kwasa daga Galerie, yana tallar gwaji a ƙasar waje, a aika kuɗin "buɗe dosiye" zuwa wata lamba. Ba wanda ya san mai lambar. Dokar FIFA ta hana sauya ɗan wasan da bai kai shekara 18 ba daga ƙasa zuwa ƙasa, sai a wasu ƴan yanayi ƙalilan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura don dalilin da bai shafi ƙwallo ba. Masu horarwa sun san wannan, iyaye ba su sani ba. Uban da ya yi shakka ya so tantancewa, shafin gaskiya ba shi da lambar da zai gwada da ta mayaudarin.

Abu na biyu ɗalibin da kansa ya nuna shi. A Documents akwai jerin yaran da aka ɗauka bara, da cikakken suna da ranar haihuwa da unguwa da lambar uba. An sa shi da kyakkyawar niyya, don kada a ce an yi son kai. Amma duk mai son kiran iyaye da sunan kulob ya sami abin da yake bukata a takarda ɗaya. Nijar na da dokar kare bayanan mutum tun 2017, da hukumar da ke kula da ita, HAPDP, kuma ko babu doka, sunan ɗan shekara 12 da unguwarsu ba abin bazawa duniya ba ne. A daren aka cire jerin.

Muhawarar kwamiti

Abubuwa uku aka yi ta ja a kansu.

Na farko, shafin farko. Ɗalibin ya ce a sauke jawabin maraba da manyan hotuna, a sa amsoshin iyaye a wurin. Ba wanda ya so ya faɗa wa shugaba wannan kai tsaye, tunda shi ke biyan komai. Babban mai horarwa, wanda suka taso tare, shi ya miƙa masa wayar mai kabu-kabu ya ce: "Alhaji, nemo mana filin da muke atisaye." Shugaba ya jira hotonsa ya gama sauka, ya ja, ya ja, ya mayar da wayar ya ce a yi yadda ya dace, amma a bar wa masu tallafi wurin da za su ga tarihin kulob da takardunsa. Hujjarsa mai ƙarfi ce, domin su ma baƙin shafin ne, kuma da kwamfuta suke zuwa, suna da haƙurin nema. Aka bar musu sashensu, a baya.

Na biyu, harshe, kuma nan aka fi daɗewa. Kundin sake gina ƙasa da Nijar ta fitar a Maris 2025 ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci da Ingilishi kuma harsunan aiki, don haka wasu suka ce a mayar da komai Hausa a huta. Sakatare, wanda aji ne aikinsa, ya ce a yi hankali. Kowa a Maraɗi na jin Hausa, amma ba kowa ke karanta ta da boko ba. Wanda ya yi lakwal da Faransanci idonsa ya saba, yakan yi tuntuɓe a rubutun harshen uwarsa. Wanda ya yi allo da haruffan Larabci ya saba. Akwai kuma masu karanta Hausa sarai, da yawansu a littattafan Kano da saƙonnin waya suka koya. In an zaɓi ɗaya an bar biyu a waje. Ni a nan ina tare da matar da ta nemi wurin saurare: a garin da kasuwanci da zumunci ke tafiya da saƙon murya, shafin da ba ya magana ya rufe ƙofa ga iyaye mata da yawa, kuma sau da yawa su ne ke yanke ko yaro zai je ko ba zai je ba. Aka tsaya a kan gajeren rubutu da Hausa, gajere da Faransanci, da muryar minti ɗaya.

Na uku, ma'aji ya ce tunda kowa WhatsApp yake, a rufe shafin a huta da biyan kuɗin shekara. Ban yarda da shi ba, kuma lamarin kawun nan ne hujjata. Saƙon WhatsApp yana da sauri, amma yana tafiya ya bar ranarsa da mai shi a baya, kowa na iya kwafarsa ya canza lamba. Ana bukatar wuri ɗaya tsayayye da za a ce: abin da ke nan shi ne na yau, lambar da ke nan ita ce ta kulob. Amfanin shafin ke nan, kuma ba zai yi shi ba sai in mai ƙaramar waya da mega na dala arba'in zai iya kaiwa ga amsa kafin megansa ya ƙare.

Abin da aka canza

Yanzu shafin farko ba hoto mai nauyi. Sunan kulob ne, sai manyan wuraren taɓawa huɗu a jere daga sama zuwa ƙasa: Rubuta yaro, Wasanni, Ina fili yake, Kira mu. A "Rubuta yaro" komai na wuri ɗaya: rana da wata da shekara, fili da kwatancensa da masallaci da makarantar da ke kusa, takardar haihuwa, hotuna biyu, takardar likita, izinin uba ko waliyyi, da kuɗin. An rubuta ɓaro-ɓaro cewa hannu da hannu ake biya wurin ma'aji a karɓi rasit, kulob ba ya neman kuɗi ta waya, kuma ba ya kai yaro ƙasar waje. Takardar cikewa ba dole a sauke ta ba, ana samunta a fili. Kusa da layukan uku an rubuta "Hanyoyi / Menu". Jadawalin wasanni ya koma jeri, kowane wasa da lokacinsa da filinsa a ƙarƙashinsa. An gwada haruffa masu ƙugiya a tsofaffin wayoyi, aka canza salon rubutun da ke mayar da su akwatuna.

Gyaran da na fi ba muhimmanci ƙarami ne. Tunda yawancin mutane ta tsakiya suke shigowa, kowane tsohon labari yanzu yana da jan layi a samansa mai cewa wannan ya wuce, ga na bana, kuma an haramta rubuta "Asabar mai zuwa" ba tare da cikakkiyar rana ba. Lambar kira tana ƙasan kowane shafi, in an taɓa ta sai ta buɗe kira ko WhatsApp. A taron iyaye sakatare kan ɗauki ƴan mintoci ya sa kowa ya fito da waya: a duba shekara kafin a yarda da rana, a taɓa tambari in an ɓace, a gangara ƙasa a ga lamba, a gwada ta da duk lambar da aka turo kafin a aika ko dala.

Abin da ya rage

Shafin ƙaryar an kai ƙararsa ga Facebook, iyaye da yawa sun taɓa wurin ƙorafi, amma wanda ya buɗe ɗaya zai iya buɗe wani, hotunan kuma suna hannunsa. Saboda haka har yanzu ana musu a kan Galerie: masu horarwa na son hotunan yara don su ne ke sa su himma, kwamitin iyaye na son a tsaya ga hotunan rukuni daga nesa, ba suna. An yarda dai ba za a ƙara sa fuskar yaro ba sai da izinin iyayensa a rubuce.

Sai maganar makulli. Ɗalibin yana shekararsa ta ƙarshe, kuma Yamai yake son tafiya neman aiki, nisan fiye da kilomita 600. Adireshin shafin da sunansa da imel ɗinsa aka saye shi, in shekara ta cika ba a biya ba shafin zai rufe, wani ma na iya sayen sunan. An mayar da rajistar zuwa imel ɗin kulob, an rubuta kalmomin sirri an sa a ambulan biyu, ɗaya wurin ma'aji ɗaya wurin sakatare, an kuma sa kuɗin sabuntawa cikin kasafin shekara kusa da na ƙwallaye. Ƙaramin mai horarwa yana koyon canza rana da ɗora sakamako daga wayarsa. Muryar minti ɗaya ita ce ba a sami mai ɗaukar nauyinta na dindindin ba, domin dole a sake ta duk lokacin da rana ko kuɗi suka canza. Sakatare ya yi ta farko, iyaye mata suka ce yana sauri kuma yana cusa Faransanci. Sun ba da sunan ɗaya daga cikinsu, za a tsayar da maganar a taron kwamiti na gaba.